Sirdin keke mai rami ko marar rami: amsa ga ƙanena mai tambaya

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarka, ka ce kullum bisa keke kake zuwa wurin aiki nan cikin Tawa, in ka yi kamar rabin awa bisa sirdi sai gabanka ya sage har ka sauka kana jin wurin ba rai, kuma wani ya ba ka shawara ka sai sirdin nan mai rami a tsakiya. Kana tambaya ko shi ne maganin abin ko dai ɓarnar kuɗi ce. To Allah shi ma albarka da ka hito ka faɗi, don wallahi maza da yawa na fama da wanga abu, kunya ce ke hana su magana sai su yi ta haƙuri har abin ya yi nisa.

Na daɗe ina hawan keke, daga Phoenix ɗin nan baƙi mai sifirin ƙarƙashin sirdi har kekunan gwanjo na Turai masu giya, kuma na hau mai rami na hau marar rami. Abin da zan ce ma shi ne ramin nan na da amfani sosai amma cuta guda yake magani, kuma sa'arka ita ce wadda ka faɗi. Sai dai kar ka tahi kasuwa tukun, akwai abubuwan da za ka duba da ba su cin ko dala.

Ka fara gane ina ne ke ma ciwo don ciwon sirdi iri biyu ne. Akwai ƙasusuwa biyu ƙarƙashin ɗuwawu, in ka zauna bisa benci mai tauri su kake ji suna taɓa katako, su Allah ya yi don ɗaukar nauyin mai zama. In su ke ciwo musamman ga wanda ya daɗe bai hau ba, wannan ba komi, sati biyu ukku jiki ya saba ya wuce, rami ba ruwanshi da wannan. Amma tsakanin gaba da dubura wuri ne mai taushi, nan jijiyar da ke kai ji da hanyoyin jini masu zuwa ga al'aura ke bi, kuma ba a yi wurin don a zauna bisa shi ba. In nauyinka ya sauka nan sai jijiya ta danne jini ya ragu, shi ne sagewar da kake ji. Kenan duk aikin shi ne a maida nauyi bisa ƙasusuwan nan biyu a ɗauke shi daga tsakiya.

Shi ya sa faɗin sirdi ya hi ramin muhimmanci nesa ba kusa ba. In sirdi ya yi ma ƙanƙanta, ƙasusuwan sai su zarce gehe da gehe, tsakiyar sirdin ta shigo ma daidai inda ba a so, ko da rami ko babu za ka sha wuya, ma iya cewa da ramin ya hi muni don bakin ramin ne zai riƙe ka. Awon kuma a gida ake yi. Ka samu kwali mai kauri irin na kayan shago wanda ke da ramuka ciki, ka aza bisa benci ko dakalin siminti, ka zauna da wando marar kauri, ka ɗan duƙa gaba yadda kake yi in ka riƙe kan keke, ka ɗaga dugaduganka don nauyi ya sauka, ka yi kamar minti guda. In ka tashi za ka ga loɓa biyu, in ba su hito sosai ba ka shafa alli ko gawayi a kwance za su bayyana. Ka sa ɗigo tsakiyar kowace ka auna tsakaninsu da tef ɗin tela. Mahi yawan mutane abin na faɗawa tsakanin santimita 10 da 14, na mata galibi ya ɗan hi na maza faɗi. Abin da ka samu ka ƙara kamar santimita 2, shi ne faɗin bayan sirdin da za ka nema, in kuma zaune kake tsaye cak bisa keken gari ka ƙara hiye da haka. Su kansu masu ƙera sirdi haka suke yi, Specialized misali suna hito da sirdi guda da faɗi kala-kala, milimita 143 da 155 da 168. Ka tahi kasuwa da tef ɗinka cikin aljihu, kar ka ji nauyin mai kaya.

Sai yadda anka ɗaura shi. Ka tsaida keken wuri mai daidai ka dube shi daga gehe, sirdi kwance ya kamata ya kasance, amma je ka duba kekunan da ke jingine bakin kasuwa ko ƙohwar lakwal, rabinsu hancin sirdi na kallon sama don noti ya saki ko anka faɗa rami ya juya ba wanda ya kula. Hanci sama shi kaɗai ya isa ya kawo ma sagewa. Ka sa mai gyara ya kwance ya daidaita, in ma za ka sunkuyar da hancin to kaɗan ƙwarai, in ya yi yawa za ka riƙa zamewa gaba, hannuwa da kafaɗu su ɗauki wahalar. Tsawo ma haka, ka hau ka aza dugadugi bisa feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ka karkata ba, in ka maida gaban ƙafa bisa fedar sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe, to ya yi. Akwai lissahin da anka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren keke na Faransa a 1986 da 1989 da 1990, ka auna daga matsematsi zuwa ƙasa ka ninka da 0.883, misali mai santimita 80 zai samu wajen 70 da rabi, daga tsakiyar inda fedodi ke juyawa zuwa bisan sirdi. Sirdin da ya yi sama da yawa shi ke sa ƙugu na rangaji dama da hagu, wurin na guga, ga gumi, sai ƙuraje da maruru.

To in faɗi ya yi, ɗauri ya yi, ka gwada sati guda sagewar na nan, nan ne zan ce ma sai mai ramin ba tare da wata-wata ba. Kuma ba sabon yayi ba ne, Brooks na Ingila sun yi sirdin fata mai tsaga a tsakiya tun ƙarshen ƙarni na 19 don wagga matsala. A Amurka hukumar da ke kula da lahiyar ma'aikata ta yi bincike bisa 'yan sandan da ke yini suna sintiri bisa keke, anka ga sirdin da ba ya da hanci kwata-kwata na rage dannewar wurin da sagewa. Wanda ya hi buƙatar rami shi ne mai hawa a duƙe, irin keken tsere ko keken da kanshi ya yi ƙasa ko ya yi nisa, don in ka duƙa ƙugu na mirginawa gaba nauyi ya bar ƙasusuwan baya ya dawo tsakiya. Ba ka faɗi irin kekenka ba, in na gwanjo ne mai miƙaƙƙen kai kuma ya yi ma tsawo, ɗaga kan kaɗan ma na taimakawa. Mai Phoenix da ke zaune tsaye bisa faffaɗan sirdi mai sifirin da wuya ya buƙaci rami, shi ya sa dattawanmu ke zuwa Badagishiri cin kasuwa su dawo ba ka jin wanga kuka bakinsu.

Amma hwa ramin ma suna suka tara, nan nike so ka buɗe ido. Na samu wani mai arha a kasuwa, ka gan shi gwanin kyau, da na sa yatsa cikin ramin sai na ji bakinshi roba ce mai kaihi soson da ke bisa ɗan kaɗan, in ka zauna bakunan nan biyu su za su riƙa cin nama. Ka danna bakin ramin da babban yatsa, ya kasance ya ɗan ba da kai kuma a zagaye yake. Ka juya sirdin ka duba ƙarahunan nan biyu na ƙasa ko sun lanƙwashe, na gwanjo da yawa sun karkace gehe guda, kuma mai rami in ya tsuhwa tsakiyarshi na lotsawa don an rage mishi ƙarhi. Akwai kuma wanda ba a huda shi ba sai dai anka yi mishi kwari a tsakiya daga baya har gaba, ni a ganina ga hanyoyinmu wannan ya hi, yana ɗauke nauyin kuma ba baki mai kaihi, sannan da damina in kekenka ba madigadi tayar baya ba ta watso ma ruwa da taɓo ta cikin ramin. Mai rami kuma na da nashi, iska na ɗan shiga, watan huɗu da na biyar da zahi ke wuce digiri 40 ba ƙaramin abu ba ne. Mata kuma su gwada kahin su biya, akwai waɗanda ramin ke ma daɗi akwai waɗanda bakinshi ke ƙara musu ciwo.

Abin da ni dai ban yarda da shi ba shi ne sirdi mai taushi lugub da rigar soso da ake ɗaura ma sirdi. A shago in ka danna sai ka ce ka samu, amma kamar tsohuwar katihwar soso ce, ƙashi ya nutse ƙasa soson ya taso ya cika tsakiya ya danne inda kake gudu. Don zuwa sayen cefane minti biyar ba laihi, don rabin awa da ya wuce a'a. Ka nemi mai ɗan tauri. Rana kuma na kashe su, baƙar robar ta tsattsage soso ya sha ruwa, ka riƙa jingine keken a inuwa ko ka ruhe sirdin da tsumma. Na fata irin Brooks in ka dace da shi cikin gwanjo abu ne mai kyau don yana ɗaukar siffar mai shi, amma yana daɗewa bai yi laushi ba, ba ya son ruwa, da hunturu kuma sai kana shafa mishi mai in ba haka ba ya bushe ya tsage.

Wando ma ka duba, jins mai ɗinki huɗu a haɗe daidai tsakiya yana iya ɓata ma sirdi mai kyau, ka hau da marar kauri in ka isa ka canza, kuma kar ka yini da na ciki mai gumi. Bisa hanya duk minti goma ko sha biyar ka miƙe bisa feda ka taka kaɗan jini ya koma, haka in ka hango rami ko ka sauka kwalta ka shiga burji, ka ɗaga jiki kar ka bari sirdi ya buge ka.

Ka roƙi mai kaya ya yarda ka canza in bai yi ma ba, waɗanda sunka san ka suna yarda in ba ka ɓata shi ba, kuma ka tahi da keken don wuyan sirdin Phoenix da na kekunan zamani ba kamun su guda ba, wani sa'in sai an sai maɗauri daban. Sagewar da ke wucewa minti kaɗan bayan ka sauka gyaran sirdi take so, amma in ta kwana ta yini, ko ka ga canji wajen hitsari ko wajen iyali, ka aje keken ka ga likita kar ka tsaya jiƙe-jiƙe, balle in akwai ciwon suga don shi ma yana taɓa jijiyoyi. Ka yi awon kwalin nan yau da dare, ka gaya min santimita nawa ka samu da faɗin sirdin da ke bisa kekenka yanzu da irin keken, sai mu san wanda za ka nema. Allah shi ƙara lahiya.