Tambayi Anti: An gayyace ni lancin biki da tsakar rana, me zan saka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, ƙanwar wata abokiyar aikina ce za ta yi aure a Kano ƙarshen watan Afrilu, an ba ni katin lancin an rubuta ƙarfe 1 na rana. Ni ba dangi ba ce kuma ba ƙawar amarya ba, ban ma taɓa ganinta ba sai a hoto. Sun fitar da anko amma gaskiya kuɗin ya fi ƙarfina ban yi ba. Ina da wani leshi mai duwatsu ruwan gwal da na ɗinka da auren yayana sau ɗaya na saka shi, ina da atamfa sabuwa turmi ɗaya ban kai ɗinki ba tukun, sai wata shadda ruwan toka da na ɗan jima ina sakawa. Ƙawata ta ce leshin zan saka ai biki ne a je a kece raini, maigidana kuma ya ce in zura abaya kawai in huta, ni wlh kaina ya ɗaure. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Leshin nan dai ki mayar da shi akwati ya jira ranarsa, ki gaida min ƙawar taki ki ce Anti ta ce a'a.

Bari in faɗa miki dalili kar ki ce na yi miki fin ƙarfi. Afrilu a Kano ba wasa ba ne, lokacin ne zafi ke kaiwa digiri 40 har ya ɗan gota, ga ki za ki taso daga Zariya a mota da hantsi, ki shiga gari daidai lokacin da rana ta take, kuma kin san halinmu in an rubuta ƙarfe 1 a kati to amarya in ta shigo ƙarfe 3 ma ta yi ƙoƙari, kenan zama ne za ki yi mai tsawo cikin kayan. Shi leshi mai duwatsu nauyi gare shi, sannan yawanci ana yi masa shafi da yadi mai santsi wanda ba ya shan zufa, sai dai ya riƙe ta a jikinki, kafin a kawo abinci bayanki ya jiƙe kina ta fifita da katin gayyata. Kar ki ce ai hol ne akwai na'urar sanyi, ita ma janareta take jira, kuma in mata suka cika wuri ga turare ga abinci mai zafi ba ta iya komai. Banda wannan, ƙyalƙyalin duwatsu don fitilun dare aka yi shi, a dina ne yake ba da abin da ake so. Da rana haske ba ya rufa wa kowa asiri, dutsen da ya ɓalle za a gani, zaren da ya zazzago za a gani, hodar da ta fi fuska haske ma za a gani.

Sai maganar kala, wadda ita ce ma ta fi damuna. Ruwan gwal, fari, ruwan madara, waɗannan kalolin amare ne suka fi yawan ɗauka, in kika shiga da gwal mai walƙiya amarya ta fito da irinsa ke da kanki za ki ji kin tsargu, ga 'yan uwanta suna ta tambayar junansu wai waccan ɗin wace ce. Saboda haka tun yau ki kira abokiyar aikin taki ki tambaye ta kalar da amarya za ta saka a ranar, ki tambayi kalar ankon, sannan ki ji a hol ne ko kanofi za a kafa a ƙofar gida, kuma mata zalla ne ko haɗe da maza. Ba abin kunya ba ne, ita ma daɗi za ta ji ta san da gaske za ki zo.

Rashin yin anko kuwa kar ya hana ki barci. Anko na dangi ne da ƙawaye, ke baƙuwa ce da kati, ba wanda zai tare ki a bakin ƙofa. Abin da dai ba na so shi ne abin nan da wasu ke yi, a je Kantin Kwari a nemo mai kama da ankon amma mai araha a ɗinka a shiga cikin mutane, wlh ana ganewa, da an jeru za a ɗauki hoto bambancin yake fitowa. Gara ki fito da kalarki daban.

Ni atamfar na zaɓa miki. Ba sai sufa 'yar Holan ba, ba sai 'yar Kodebuwa ba, abin da nake so ki duba kawai ta auduga ce ko kuwa irin mai haɗin roba ce da ta cika kasuwa yanzu, dan akwai masu kyan zane sosai amma in kin saka zafinsu ba a magana. Ki zaro zare ɗaya ko biyu daga bakin atamfar ki kusanta shi da ashana, in auduga ce zai ci wuta ya zama toka mai laushi, in roba ce zai narke ya dunƙule kamar leda ya bar ɗan ƙulli mai tauri. In ta zama roba ce to ki haƙura da ita ki koma kan shaddar, ki kai ta wanki a sa mata sitati daidai a yi mata bugu mai kyau, shadda in ta sha bugu ba mai cewa tsohuwa ce, kuma ruwan toka da mayafi ruwan hoda ko ja mai duhu abin sai wanda ya gani.

Ɗinki yanzu. Turmi yadi 6 ne, ya ishe ki doguwar riga da ɗankwali har a samu ragowa, ko riga da siket in shi kika fi sabawa. Ni da za ki bi tawa bubu mai ɗan shiga daga sama ko doguwar riga mai buɗewa daga ƙugu za ki yi, iska na shiga, kina zama kina tashi ba fargaba. Ki roƙi tela dan girman Allah kar ya matse ki, dan irin ɗinkin nan da ake ɗaure ciki da ƙarafuna mutum ba ya iya numfashi, a tsaye ne kawai yake da kyau, ke kuma cin abinci aka kira ki. Ranar da kika je karɓa kar ki tsaya gaban madubi kawai ki juya ki ce ya yi, ki nemi kujera ki zauna, ki ɗaga hannu sama, ki sunkuya, in kin ji zif yana ƙara to a sake shi tun a shagon.

Ga wani abu da yawancin masu ɗinki ba sa tunawa: lancin rana sallah biyu yake ci, azahar da la'asar. Hannun rigar ya zama wanda zai naɗe ya wuce gwiwar hannu, dan na sha ganin mata a bakin famfo a wajen biki, ɗaya ta riƙe wa ɗaya jaka da waya, ita kuma tana ta kokawa da hannun riga ya ƙi wuce tsintsiyar hannu, ƙarshe sai an zuge mata zif ta baya an zare hannun gaba ɗaya mutane na wucewa. Ki sa hijabi mara nauyi a jaka. Kwalliyar ma ki yi da lissafin alwala, 'yar hoda, kwalli, jan baki mara ƙarfi, abin da za ki iya gyarawa da kanki cikin minti biyu, ba wai ki biya mai kwalliya kuɗi ta dama miki fuska sannan ki zauna kina lissafin yadda za ki riƙe alwalar safe har magariba ba.

Kuma ki kai ɗinkin yau ba gobe ba, in za ki faɗa wa telan ranar bikin ki rage sati ɗaya daga ainihin ranar, Allah ya yafe mana amma su suka koya mana.

Gwaggwaro da ashoke ki bar wa iyayen biki, ɗauri mai sauƙi da ɗankwalin atamfar ya wadatar, wanda ba zai sa miki ciwon kai ba kafin la'asar. Mayafi mara kauri amma mai girma da zai rufe ki, musamman in da maza a wurin. Takalmi fulat ko mai ɗan tudu mai faɗi, in kanofi ne a waje mai tsini nutsewa zai dinga yi a ƙasa kina tafiya kina cirowa. Sarƙa da ɗan kunne ƙanana, gwal ɗinki na gaske ki bar shi a gida, taro ne ba ki san kowa ba. Turare kuma a yi a hankali, humra mai ƙarfi in ta haɗu da zafin rana tana hawa wa na kusa da ke kai.

Wani amfanin atamfa shi ne wajen abinci, in aka kawo waina da miyar taushe ko farfesu ko zoɓo ya ɗiga, zanen atamfa yana ɓoyewa, shadda mai haske kuwa ɗigon manja ɗaya ya gama da ita har ki koma gida kina rufewa da mayafi.

Shi kuma maigida ba a ce bai iya ba. In kika tambaya aka ce ai walima ce za a kawo malama ta yi nasiha, to shi ya ci, abaya mai kyau da mayafinta ta fi komai dacewa. In dai lancin ne da kiɗa da hotuna, baƙar abaya da rana zafi za ta ja miki, sai in kina da mai kala.

TAMBAYA: Anti mu ma maza a taimaka mana. Abokina ne zai yi aure a Kaduna, ɗaurin aure 11 na safe daga nan a wuce cin abinci, dole ne sai na sa babbar riga? Daga wani ɗanki a Kaduna.

AMSA: Ba dole ba ne ɗana, sai in kana cikin abokan ango na kusa kuma kun yi magana za ku fito iri ɗaya. Babbar riga ta ango ce da waliyyai da manya, kai kaftani mai kyau na yadi mara nauyi ko boyel ya ishe ka, fari ko sararin samaniya, a nan maza kun huta dan farin kaya ba ya cin karo da na kowa. In gezna gare ka saka abarka amma ka sa singileti mai kyau a ciki dan sabuwar shadda ba ta shan zufa. Hula ita ce rabin kwalliyarka, zanna bukar ko wacce kake da ita a kai ta wanki a ɗora ta a kan gungume ta miƙe, kar ka zo da wadda bakinta ya yi baƙi da maiƙo. Takalmi kuma wanda za ka cire da sauri a ƙofar masallaci, kuma ba mai tsadar da hankalinka zai rabu biyu ana fatiha ba.

TAMBAYA: Anti ina da jaririya 'yar wata 4 ina shayarwa, kuma ba yadda zan yi in ƙi zuwa lancin 'yar yayata. Duk kayana na fita zif ɗinsu a baya yake. Daga wata mai jego a Katsina.

AMSA: Allah ya raya mana ita. Ki ɗauki ɗaya daga cikin rigunan ki kai wa tela ya buɗe miki zif a gaba ko a gefen ƙirji ya ɓoye shi cikin ɗinkin, aikin yini ɗaya ne kuma ba tsada, ko ki sa riga da zani abinki wanda shi dama ba ya ba mai goyo wahala. Ban da mai duwatsu ko ƙyalƙyali a ƙirji da kafaɗa dan yana kartar fuskar yaro, ban da sarƙa mai tsawo, ta kusa fara cafka. Ki tafi da zanin goyo da ya shiga da kalar kayan da wani ƙaramin tawul na kafaɗa saboda tumbuɗi, sannan da kin shiga ki nemi kujera nesa da lasifika kusa da ƙofa yadda in ta fara rigima za ki fita ba sai kin ratsa tsakiyar fili ba.