Ko kowace ƙwayar halitta tana da cibiya?

Ƙanena na Damagaram mai shirin jarrabawar BEPC, ka tambaya ko kowace ƙwayar halitta tana da cibiya, wato ɗan ƙullin da ke cikin ƙwayar (nucleus ko noyau). A'a. Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam suna yar da tasu kafin su balaga, shi ya sa ba sa rarrabuwa, suna mutuwa bayan kwana kamar 120. Bakteriya ma ba ta da ita.

Inda cibiya take kuwa, ita ce rumbun ADN, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado: ƙunshinsa 46, da ake kira kromosom, ke cikin cibiyar ƙwayar jikinmu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Fata biyu ce ta lulluɓe ta, da ƴan ramuka da saƙon ARN (kwafin bayanin ADN) ke fita ta ciki zuwa wurin haɗa furotin. A ganina, wannan ɓangaren ya fi cancantar ka riƙe.