Filin Tambaya: Wai Ingila ta yi amfani da jirgin ruwan Faransa wajen yaƙi?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne daga Yawuri, babana tuƙin kwale-kwale yake a bakin Kwara. Mun yi gardama da abokina a majalisa, shi ya ce wai a zamanin da in sojan Ingila sun kama jirgin yaƙin Faransa ba su nutsar da shi, gyarawa suke su shiga yaƙi da shi. Gaskiya ne ko dai labarin teburin mai shayi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. To gaskiya abokinka ya kada ka, sai ka biya mai kuɗin shayin.

Bari in ba ka labarin jirgi guda ɗaya, sunansa Hébé. Faransawa suka ƙera shi a garin Saint-Malo na Faransa a 1782, na katako ne ba inji, iska ke tura shi da manyan ƙyallaye, igwa 38 gare shi. Sabo fil, ko shekara bai yi a ruwa ba ranar 4 ga Satumba 1782 ya haɗu da wani tsohon jirgin Ingila mai suna Rainbow a ƙarƙashin Kyaftin Henry Trollope, shi kuwa wannan tsoho an cika shi da wasu sabbin igwogi gajeru masu faɗin baki, ba su kai nesa amma in sun same ka kusa sai dai addu'a. Da kyaftin ɗin Faransa ya ga girman harsasan da ke faɗowa cikin jirginsa sai ya ɗauka wani ƙaton jirgi ne ya tare shi, ya ɗan maida wuta don fita kunya sannan ya sauke tuta, wato ya miƙa wuya.

To wa zai nutsar da wannan? Tambayi baba nawa ake kashewa kafin a sassaƙa kwale-kwale ɗaya mai kyau, balle wannan. Ga shi kuma a wancan zamanin in an kama jirgi kimanta shi ake a raba kuɗin, kyaftin ya kwashi kaso mai tsoka, ƙananan matuƙa su samu ɗan abin cefane.

Ingila ta yi aiki da shi har 1811 da aka wargaza shi, a 1805 ma an canza mai suna zuwa Blonde. Abin da ya fi ba ni dariya, auna shi suka yi tsaf suka kwaikwayi ƙirar, suka yi ta ƙera irinsa. Biyu suna nan har yau, Trincomalee da aka ƙera a Bombai ta Indiya a 1817 yana Hartlepool a Ingila, Unicorn kuma yana Dundee a Sikotilan, 'yan yawon buɗe ido na shiga suna ɗaukar hoto.