Da me zan goge sikirin ɗin laftof ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun shigowar hunturu ƙura ta addabi sikirin ɗin laftof ɗina, ga shatin yatsun yara ko'ina. Wani ya ce in fesa ruwan goge gilashin taga in bi da tishu. Ko hakan ya yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki kuskura. Akwai wani siririn shafe a saman sikirin da ke rage ƙyalli, kuma da yawa daga ruwan goge taga suna ɗauke da sinadarin amoniya mai cinye shi. Da ya ɓare sai fuskar ta yi dabbare-dabbare, babu gyara sai canji. Haka sanitaiza da ruwan cire jan farce. Tishu kuwa, duk laushinsa a hannu, daga itace aka yi shi, yau da gobe zai bar ƙarce.

Ki kashe laftof ɗin, ki zare caja. A baƙin sikirin kin fi ganin datti. Kafin komai ki kaɗe ƙurar, domin ta hunturu tana da ɓurɓushin yashi. Kina danna ƙyalle a kanta, ke da kanki kike ƙarce fuskar. Ki nemi ƙyalle irin na goge tabarau, busasshe, ki share a hankali daga gefe zuwa gefe, ɗayan hannunki yana tallafe da bayan murfin.

Shatin yatsu ne ke son ɗan danshi. Ki ɗiga ruwa kaɗan a ƙyallen, ba a sikirin ba, yadda ko an matse ba zai ɗiga ba. Masu fesawa kai tsaye ruwan gangarawa yake yi ya shige ta ƙasan firam ɗin da ya zagaye sikirin, inda wayoyinsa suke, daga nan sai layi-layi su fito. Tataccen ruwa ya fi, domin na burtsatse yakan bar farin tabo idan ya bushe.

Idan maiƙo ya ƙi fita, kada ki sa ƙarfi ko farce, ki sake bi sau biyu ko uku. Kamfanin Apple ya amince a ɗan jiƙa ƙyalle da sinadarin isopropyl (wani nau'in alkohol na tsaftace kaya) mai ƙarfin kashi 70 a kwamfutocinsa, amma in naki HP ne ko Dell, duba umarnin kamfanin tukuna. Ni dai ruwa na fi ba mutane shawara.

Ki bar shi a buɗe ya bushe sarai kafin ki rufe. Maɓallan ma ki goge su, don maiƙonsu ne ke komawa kan sikirin duk lokacin da kika rufe murfin.