Ba a kafa wa babbar riga fil

Amarya, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini har sau biyu. Kin ce an ba ki aiki a makaranta ki shirya wa ɗan wasa kayan hakimin Kano na kafin zuwan Turawa a 1903, kin ɗinka rigar, amma hannun sai zamewa yake daga kafaɗarsa, shin ko a al'ada ana kafe shi da fil? Ni da na ji, dariya na yi har tari ya sarƙe ni.

Ba a kafewa, ko kusa. Laifin na yadinki ne. Shadda kika saya, mai santsi, ba nauyi. Rigar wancan zamani saƙar hannu ce, sirara-sirara ake saƙo ta a haɗa da allura, saƙi mai zanen zabo, ko barage, ko tsamiya, wadda zarenta daga gidan wata tsutsa ake samo shi. Sannan a yi mata shafi a ciki ta gefen ƙasa, masu hali da jan alharini da fatake ke kawowa daga Tarabulus. Ki ɗora aikin aska takwas a ƙirji da aljihu, kin ga nauyi ya samu. Irin wannan in an saɓa ta a kafaɗa, zama take yi. In kuɗin saƙi ya fi ƙarfinki, nemi auduga mai kauri ki yi mata shafin kirki.

Amma ko ta ainihin ma tana zamewa, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Babana, Allah ya jiƙansa, in zai tashi daga buzu, sai ya zura hannu ta ƙarƙashi, ya tattaro gefen dama ninki-ninki ya aza a kafaɗa, ya yi wa na hagu haka, ya ɗan girgiza jiki, sannan ya taka. Kafin ya kai ƙofar zaure ɗaya ya soma sulalowa, ya mayar ba tare da ya duba ba, yana ci gaba da maganarsa. Wannan mayarwar ita ce ƙasaitar. Kika kafe ta, yaron zai tsaya ƙiƙam kamar an rataye riga a ƙusa. Ki sa shi ya wuni da ita, ya ci tuwo da ita, ya yi alwala da ita, har hannunsa ya saba.

Kar ya sa ta a tsirarar fata. 'Yar ciki tukuna, da wando mai kamun ƙafa. Rawani kuwa, harsa ko ɗan Kura, wanda aka buga da shuni har yana ƙyalli yana kama goshi. Ki kula da kunne biyu, a Kano na Sarki ne da 'yan gidan sarauta, ba kowane hakimi ba. Alkyabba ta zo a ƙarshe, kan rawanin.

Koren babana, rigarsa mai rinin shuni, tana nan a ƙasan adaka, har yanzu in ka taɓa ta sai yatsunka sun yi shuɗi. Ki zo ran Asabar da yaron naku in gwada masa. Aro dai ba zan ba ki ba, kuma kar ki zo mini hannu rabbana, goro fari nake ci.