Duba Dodge Charger ta 1969 kafin a biya kuɗi

Ka tambaye ni, da za a tura ka duba Dodge Charger R/T (samfurin Charger mai babban inji) ƙirar 1969 kafin mai saye ya biya, ko injin za ka fara saurara. A'a, yaro. Injin shi ne na ƙarshe. Mai sayarwa ya san rurin injin V8, mai silinda takwas, na ɗauke hankalin mutum, shi ya sa zai yi saurin miƙo maka makulli. Sa shi a aljihu, ka ɗauki tocila ka shiga ƙarƙashi.

Wannan motar ba ta da casis daban da ake ɗora bodi a kai, bodin ne ke ɗauke da komai. Tsatsa ta ci shi, ta ci motar. Ka duba dogayen ƙarafan baya inda sifirin ke kamawa, da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba, ka riƙa caka sukundireba. In ya nutse, magana ta ƙare. Sannan ka ɗaga shimfiɗar but. Ruwa kan taru a kusurwoyin gilashin baya na Charger, ya zurara ciki ya ruɓar da ƙasan. Tambayi inda motar ta yi zamanta: a jihohin Mishigan da Ohayo na Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa tsatsa yake kawowa, ita kuwa ta jihar Arizona rana ce kawai ta ƙona mata fenti da kujeru. Ni wadda fentinta ya koɗe ta fi kwanta mini a rai a kan mai sheƙi, don sabon fenti rufin asiri ne. Bi gefen tayoyin baya da mayen ƙarfe a cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa, wato ƙullun da ake toshe rami da shi kafin fenti.

Sai lambobi, kuma nan kuɗin yake. Lambar motar na kan dashbod, ana hango ta ta gilashin gaba, haruffa da alƙaluma 13 ne, ba 17 irin na motocin da aka yi daga 1981 ba. R/T ta gaske da XS29 take farawa. Ka ga XP29, to Charger ce gama-gari da aka manna wa tambari. Harafi na biyar shi ne injin: L na nufin 440, mai lita 7.2, J kuma 426 Hemi. Ƙarshen wannan lambar an buga shi a jikin injin, da ƙarfen da ke riƙe da lagireto, da bakin but a ƙarƙashin roba. Duk su yi daidai. In na injin ya saɓa, motar za ta yi tafiya lafiya lau, amma farashinta ya faɗi, kada a biya kuɗin ta asali. Ka zura hannu bayan kujerar baya ma, wani lokaci takardar masana'anta na nan maƙale cikin wayoyin kujerar.

Yanzu ka je ga injin. Taɓa shi tukuna, in da ɗumi an riga ka tayarwa don a ɓoye wani abu. Ka ce gobe da safe za ka dawo. Shuɗin hayaƙi a salansa baƙin mai yake sha. In baƙin mai ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, gasket ne ko bulok ya tsage. Wannan duk aikinmu ne, kayan 440 ba su yi wuya a Amurka ba.

In ka hau titi, ka taka birki tun da nisa. Yawancinsu birkin duram ne gaba da baya, ba ya kamawa kamar na Corolla da ka saba.