Yaya, ƙwaƙwalwar babba ba ta bushe ba

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na saurari muryarki tun ɗazu, inda kike cewa kin fara koyon sabon harshe kina dab da hamsin, wani ya ce miki ki haƙura, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, yana da ɗan gaskiya, amma kaɗan ce. Bari ki ji.

Ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum sun kai wajen biliyan 86, kuma galibinsu ba manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara a tsakani, nanomita 20 zuwa 40, ido bai isa ya gan ta ba. Masana na kiran wurin sinas, ni dai mahaɗa nake ce masa. Saƙo zai taho da lantarki, ya zo bakin tazarar ya tsaya, sai ƙwayar ta feso sinadari, yawanci gulutamet, shi ne zai tsallaka ya faɗa kan makarɓan ɗaya ƙwayar.

Yauwa, nan ne wurin da ke burge ni. Cikin makarɓan akwai wata ƙofa, NMDA, wadda sinadarin maganiziyam ya toshe ta kamar murfin kwalba. Ba ta buɗuwa sai abu biyu sun zo tare: gulutamet ya iso, ita ma ƙwayar da ke karɓa tana motse a daidai lokacin. Sai toshiyar ta fice, kalsiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta ƙara jera sababbin makarɓai a wurin. Gobe saƙon nan dai zai dawo, amma amsar ta fi ta jiya ƙarfi. Kin ga kalmar da kika maimaita sau goma ta zauna? Irin wannan aikin ne a ƙarƙashinta.

Wani masani, Donald Hebb, ne ya yi hasashen wannan aikin a Kanada a 1949, sannan a 1973 wasu masana biyu, Bliss da Lomo, suka wallafa abin da suka gani a ƙwaƙwalwar zomo a Oslo: an kunna wata hanyar jijiya da lantarki da sauri-sauri, ta zauna da ƙarfinta har awoyi.

Za ki ce ai zomo ne. To ga manyan mutane. A 2000 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, masu haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. Ɓangaren baya na hifokampus ɗinsu, sashen da ke riƙe taswirar wuri, ya fi na sauran mutane girma. Daga baya aka bi masu koyon aikin shekaru, waɗanda suka ci jarrabawar aka ga wurin ya ƙaru. Magidanta fa, ba yara ba.

Inda mutumin naki ya yi daidai shi ne lafazi. Akwai tagogin koyo da ke buɗe sosai a ƙuruciya, daga baya su ƙuntata, shi ya sa da wuya ki yi furuci kamar ɗan asalin harshen. Amma kalmomi da nahawu, bismillah.

Sai dai fa mahaɗar da aka bari ba aiki raunana take yi. Ki riƙa yi kaɗan-kaɗan kullum maimakon ki tara ki afka masa rana guda, kuma kada ki saci lokacin barcinki ki ba karatun, don a cikin barci ne abin da kika koya da rana yake daɗa kafuwa.